Ƙusa Ɗaya Ce a Bangon Tafinta

Ban gama ajiye jakata ba na ji Manaja yana dukan tebur. Wayoyin ofis sai kuka suke yi, Rediyo kuwa, mai amsa kiran kwastomomi, ya manna ɗaya a kunne yana ta “Allah ya huci zuciyarki, Anti” ba ƙaƙƙautawa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan.

Abincinmu a kamfanin nan manhaja ɗaya ce, muna kiranta Tafinta. Ita ke karanta tsarin cinikin shagunan magani, ta fassara wa kwamfuta abin da za ta yi. Duk lokacin da mai kyamis ya shigar da takardar likita, sai Tafinta ta yi ta kiran ƙananan ayyuka. Wannan ya duba farashi, ya kira wancan ya duba ko maganin ya kusa lalacewa, wancan ma ya kira wani. Kira kan kira, dubbai kafin ka ƙifta ido. Auta, wadda ita ce ta ƙarshen shigowa cikinmu, ta yi wata da watanni tana sake hanyar kiran don ta yi sauri. A ofis mun gwada, abin kamar walƙiya. Aka tura wa shaguna, sai ga Tafinta tana jan ciki, marasa lafiya sun yi layi har bakin titi.

Duk wannan gyara ne, kuma gyara aikinmu ne. Abin da ya tafasa mini zuciya shi ne saƙon da Manaja ya riga ya tura zauren masu kyamis na waya tun kafin kowa ya duba komai. Ya rubuta sunan Auta ƙarara, ya ce ita ta yi, kuma ana zargin da gangan ta yi. Sana’armu ƙaramin gari ce, kowa ya san kowa. Wanda aka ce ya yi zagon ƙasa, ko gadi ba mai ɗaukarsa.

“Mai Sawu!” Manaja ya kira ni da sunan da aka laƙaba mini. “Ka nemo mini hujja kafin ƙarshen mako. Da takarda nake so in sallame ta.”

“Hujjar me ya faru, ko hujjar da ka riga ka yanke?”

“Kada ka kawo mini raini da safen nan.”

Bin sawu shi ne aikina. A cikin Tafinta akwai wani wuri da muke kira ƙusa. Idan manhaja ta yi nauyi, sai in rataya ƙugiyar ma’aunina a jikin ƙusar, kowane kira da zai wuce sai ya taɓa ta, ita kuma ta rubuta sunansa da lokacin da ya ci. Da haka nake gane inda kaya suka yi nauyi. Na ɗauki ma’aunina na fita ba tare da na sake kallonsa ba.

* * *

A matakalar bene na sami Auta. Na zaci zan tarar tana kuka, sai na tarar idonta a bushe ƙamas, fushi ne kawai a fuskarta.

“Yaya, ka ga wannan?” Ta miƙo mini wayarta. “Malamin da ya koyar da ni ne ya turo mini saƙon, yana tambaya wai gaskiya ne. Mijina ma a wurin aikinsa aka nuna masa. Ko tambayata mutumin nan bai yi ba.”

“To ni zan tambaye ki. Me kika canza?”

Ta ja dogon numfashi. “A tsohuwar hanya, wadda Kawu ya gina, kowane kira idan ya zo sai an zazzage kayan da ya ɗauko a kan tebur, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Sunan mai saye, magani, lambar waya, komai. Shi ya sa take da nauyi. Ni kuma na ce a bar kaya a ɗaure cikin jaka, kira ya wuce abinsa.”

“Babu inda ake kwance jakar?”

“Sai dai idan ƙugiyar da ke kan ƙusa ta ce lallai tana son ganin ciki. Nan kam sai an tsaya an kwance, an sake ɗaurewa, kowane kira. Wannan ya fi tsohuwar hanyar ma wahala nesa ba kusa ba. Amma wa zai so haka? Ma’auninka suna da lokaci kawai yake tambaya.”

“Kin tabbata ba ki bar wani rami ba?”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Har da kai?”

“Tambaya ce aikina, ƙanwata.”

“To ka je ka yi ta.” Ta fizge wayarta ta haye sama.

* * *

Idan ana neman mai jin haushin Auta, ba sai an kunna fitila ba. Kawu shi ne dattijon ofis, shi ya gina tsohuwar hanyar tun Tafinta na jaririya, kuma tun ranar da aka ture aikinsa bai sake amsa gaisuwar yarinyar da baki ba, sai da ka.

“Ni kake zargi?” ya ce, ko tabarau bai cire ba. “Ɗan nan, lokacin da na fara wannan aikin kana wasan ƙasa.”

“Ban ce kai ba ne, Kawu.”

“Ƙafarka ta faɗa tun kafin bakinka. Je ka duba, ban sa hannu a wurin ba tun da aka ce na tsufa. Na gaya musu sauri ya haifi nawa, suka yi mini dariya. Yanzu ga shi nan. A sallame ta kawai, gobe wani ya koyi hankali.”

Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Kafin ya kife ta idona ya kai, tallar wani maganin ciwon ƙoda ce. Ya ja tsaki mai ƙarfi.

“’Yan iskan nan, ban san uban da ya ba su lambata ba. Kullum sai sun turo.”

“Lafiya dai, Kawu?”

“Lafiya lau. Ka kama gabanka.”

Na duba kamar yadda ya ce. Gaskiyarsa ce, babu sawunsa ko ɗaya a sabuwar hanyar. Baƙin ciki yana da shi buhu guda, amma baƙin ciki ba ya rage wa manhaja gudu.

* * *

Kwamfutocin ofis lafiyarsu ƙalau, don haka sai na tafi inda ciwon yake. Kyamis ɗin Anti yana ƙasan layinmu, kusan duk ’yan ofis a nan muke saye. Rediyo ya maƙale mini wai shi ya san ta.

Layi ya fito har waje. Wata mata ta saɓa yaro a kafaɗa jikinsa zafi zau, wani tsoho ya zauna a dandamali riƙe da takardarsa. Anti tana bayan kanta, ta danna maɓalli ta naɗe hannu tana jiran allo ya motsa.

“Ga su nan, masu ilimi,” ta ce da ta hango mu. “Ku zo ku ga aikin hannunku. Na fi ƙarfin shekara ashirin ina sayar da magani, ban taɓa barin mai zazzaɓi a rana ba sai da na haɗu da ku.”

“Anti, ai an gano wadda ta yi,” in ji Rediyo.

“Rufe mini baki. Sunanta zai sauke wa yaron can zazzaɓi?”

Na zauna na rataya ƙugiyata, na ce ta shigar da takarda ta gaba. Ta danna. Kafin ta ɗage yatsa rasit ya fito. Ta sake danna wata, haka. Nan da nan layi ya fara tafiya.

Anti ta riƙe haɓa. “Ikon Allah. Wato irin yaran shago ce, sai ta ga maigida take zafin nama.”

Ni dai ban yi dariya ba. Na duba abin da ma’aunin ya rubuta, kowane kira yana wucewa sumul, babu mai nauyi ko ɗaya. Na zo kamun ɓarawo, ɓarawo ya ɓace da na buɗe ido. Na cire ƙugiyata na tattara kayana.

Kafin mu kai ofis Rediyo ya riga ya watsa labari ta waya. Muna shiga na tarar Manaja yana washe baki.

“Ka gani ko? Ta koya wa abin ya gane idan ana auna shi, sai ya yi lamo. Wannan ai ba kuskure ba ne, makirci ne. Rubuta mini haka.”

“Ban gama ba.”

“Me ya rage? Kura ce a gabanka kana neman sawunta.”

Kowa a ofis ya yarda. Masu cin abinci da Auta jiya suka janye kujerunsu, wani har da kulle aljihun teburinsa da ta zo wucewa, sai ka ce biro za ta sata. Ta zauna ita kaɗai tana kallon allo. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

* * *

Washegari da safe na koma wurin Anti. Layin ya dawo sabo.

“Kai kuma ka dawo da sihirinka?” ta ce. “Jiya bayan tafiyarka ta yi ta gudu har muka tashi. Na ce Alhamdulillahi, an rabu da bukar. Yau ina kunna ta, sai ta koma ’yar gidan jiya.”

Na tsaya cak. “Anti, bayan na cire abina ta ci gaba da gudu?”

“Da wani yare na faɗa? Har muka rufe shago.”

A nan zancen Manaja ya rushe. Da a ce Auta ta koya wa Tafinta yin lamo idan ana kallonta, da ina cire ma’auni za ta koma jan ciki. Ba ta koma ba sai da aka kashe kwamfuta aka sake kunnawa. Kuma tun da nake wannan aiki ban taɓa ganin ma’auni ya rage wa manhaja nauyi ba, sai dai ya ƙara mata kaɗan.

Sai na tuna abin da kowa a ofis ya sani har ya daina tunawa. Ƙusa ɗaya ce a cikin Tafinta, kuma ƙugiya ɗaya take ɗauka. Idan ka rataya taka, wadda ke wurin sai ta faɗi, babu ƙara, babu gargaɗi. Kullum muna rataya tamu kai tsaye don mun ɗauka ƙusar a wofi take.

Wannan karon ban rataya komai ba. Na tambayi Tafinta abin da ke kan ƙusarta. Ta nuna mini. Na bi sawun abin daga ƙusa har inda ya fito, na ga abin da yake tarawa da inda yake kai shi. Ina gamawa na juya ga Anti.

“Anti, ki ba yaranki littafin rasit su yi da hannu. Ki ɗauko kwamfutar nan ki biyo ni.”

“A kan me?”

“A kan sirrin mutanen da suka amince da ke.”

Ba ta ƙara tambaya ba, ta zare wayar kwamfutar daga bango.

* * *

Na tara su a ɗakin taro. Manaja a gaban tebur da takardar sallamar Auta a gabansa, Kawu a gefensa, Rediyo kusa da ƙofa, Auta a can ƙarshe ta harɗe hannu. Anti ta dire kwamfutarta a tsakiya ta ja kujera ba tare da an ba ta ba.

“Wa ya gayyato kwastoma taron cikin gida?” in ji Manaja.

“Ni na gayyato kaina,” ta ce. “Ci gaba, ɗana.”

Na kunna kwamfutar, na shigar da takardar gwaji, muka zauna muna jira har Rediyo ya yi hamma. Na rataya ƙugiyata, ta yi gudu. Na cire, ta ci gaba da gudu. Na kashe na kunna, ta koma jan ciki.

“Kawu, ƙugiya nawa ƙusar nan ke ɗauka?”

“Ɗaya. Ni na kafa ta.” Ya cire tabarau a hankali. “Kana nufin akwai wata a kai?”

“Akwai. Tawa ce ke ture ta, kunna kwamfuta kuma ke mayar da ita. Kuma ba irin tawa ba ce. Wannan kowane kira sai ta ce a kwance mata jaka ta ga ciki.”

Auta ta miƙe zaune. “Shi ya sa! A hanyar Kawu kaya a zazzage suke, leƙawa ba ya cin lokaci. A tawa sai an tsaya an kwance.”

“Haka ne. Ƙugiyar nan ta girmi zuwanki kamfanin nan. Aikinki bai ɓata komai ba, asirin ɓarawo ya tona.”

Duk ido ya koma kan Rediyo, don shi ke zagaya shaguna yana saka manhaja. Ya daka tsalle.

“Wallahi tallahi ni abin da aka ba ni nake sakawa! Ni ko ƙusar ban san inda take ba!”

“Zauna, ba kai ba ne. Ƙugiyar daga cikin makullin lasisi take fitowa, wanda ake ɗaura wa Tafinta kafin a kai ta shago. Shi ya sa na ofis ke gudu, su ba su da makulli.” Na juya ga Manaja. “A kamfanin nan mutum ɗaya ne ke ɗaura makulli. A ɗakinsa, a kwamfutarsa, ƙofa a rufe. Ya ce sirrin kasuwanci ne, muka ce to.”

Manaja ya yi wata ’yar dariya da ba ta kai ciki ba. “Wannan ne abin tara jama’a? Ƙidaya ce kawai, don mu san ɓangaren da kwastomomi suka fi amfani da shi. Kowane kamfani na yi.”

“Ƙidaya ba ta buƙatar kwance jaka. Kuma ba ofishinmu take kawo abin da ta tara ba, wasu dillalan magani take kai wa.”

“Ƙarya kake! Babu sunan kowa a ciki.”

“Abin da ta tara a makon nan yana nan, bai gama fita ba. Ba zan haska shi a bango ba, sirrin marasa lafiya ne. Kawu, kai ne babba. Ka duba kai kaɗai ka gaya mana ko akwai suna.”

Na juya masa allon. Ya mayar da tabarau yana bi layi layi da yatsa. Can sai yatsan ya tsaya.  Anti ta sunkuyar da kai, don ita ta san abin da ya gani.

“Sunan matata ne,” ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. “Da maganinta. Da lambata.” Ya ɗago ya dubi Manaja. “Ko ’ya’yanta ba su san ciwon nan ba. Ita ta roƙe ni kada in faɗa. Na tsallake kyamis ɗin unguwarmu na zo wurin Anti don kada a sani. Ashe kai ka sayar da ita?”

“Kawu, ka tsaya ka ji...”

“Ni ba kawunka ba ne!” Ya daki tebur har takardar sallamar ta zame ƙasa. “Ka sa na buɗe bakin nan nawa na ce a kori ’yar mutane!”

Anti ta miƙe tana huci. “Mutum ya zo ya raɗa mini abin da ko uwarsa bai gaya wa ba, ashe kana laɓe a cikin kwamfutata. Azzalumi. Ƙungiyarmu tana da lauya, yau ɗin nan zai ji, hukuma ma za ta ji.”

Nan take Manaja ya yi laushi kamar tsumman da aka jiƙa. Ya ce a rufe ƙofa, a yi magana ta ’yan’uwantaka, kowa na kuskure. Ya juya ga Auta da murya mai zaƙi, wai ta yi haƙuri, an yi mata ba daidai ba, aikinta na nan, har da ƙarin matsayi.

Ta bar shi ya gama tsaf.

“A kasuwa ka ci mutuncina,” ta ce. “Ba za ka ba ni haƙuri a ɗaki ba. Ɗauki wayarka. Zauren da ka rubuta sunana, nan za ka rubuta naka.”

“Ki bari mu tsara sanarwa a tsanake...”

Kawu ya ɗauki wayar daga kan tebur ya dangwara masa a hannu, ya tsaya a kansa. Auta ta yi ta faɗa yana rubutawa. Cewa ba ta da laifi. Cewa ya san haka tun ranar da ya ambaci sunanta. Cewa shi ya rataya ƙugiyar, da abin da take kwasa, da inda take kaiwa. Da ya so ya sa “bisa kuskure”, ta ce ya goge. Ya goge, ya tura.

Wayar Anti ta yi ƙara, ta duba ta gyaɗa kai. Ba a jima ba ta Auta ma ta yi, malaminta ne ya turo mata sabon saƙon. Sai a lokacin na ga hawaye a idonta, ta share da bayan hannu da sauri kamar abin ya ba ta haushi.

Kawu ya koma kujerarsa, ya kasa kallonta. Ya buɗe baki zai yi magana, sai tasa wayar ta yi ƙara a kan tebur, allon ya haska da tallar nan. 

Auta ta miƙa hannu ta kife wayar.

“Kawu, jawo kujerarka kusa,” ta ce. “Kai ka kafa ƙusar. Zo mu cire ƙazantar nan, akwai marasa lafiya a layi.”